Baƙin Keken Ɗinki na Sabo

Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, goro da shanu ne suka yi wa unguwar nan suna, amma duk inda fatake suka sauka sai tela ya biyo su. Wanda ya tashi a nan ya san ƙarar keken Singer a zaure, musamman daren jajibirin salla, da kuma baƙin keken da ake jerawa cikin kayan ɗakin amarya.

Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851, amma yawancin waɗanda suka iso ƙasar nan a zamanin Turawa daga Kilbowie suka fito, kusa da Gilasgo, masana'antar da aka rufe a 1980. Ku duba lambar samfurin: in kun ga 15K ko 99K, wannan K ɗin Kilbowie ke nan. Daga baya ne Butterfly ta Sin ta cika kasuwa da irin wannan fasali.

Baƙin nan ba fenti ba ne irin na yau. Haɗi ne mai kwalta da ake shafa wa ƙarfen a gasa shi a tanda, sannan a manna zanen ruwan zinariya, a rufe da wani siririn danƙo da ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya. Danƙon nan shi kaɗai ke tsare zanen, kuma sifirit na narkar da shi nan take. Ruwa ma sa shi yake ya yi fari-fari. Ni da kaina na ga na kakata bayan wani yaro ya bi shi da omo da soson ƙarfe, wai zai burge ta. Zinariyar ta koma launin gwangwani, tsohuwa kuwa har ta rasu ba ta daina zancen ba.

Tsofaffin telolinmu ba su wahalar da kansu. Man keke suke ɗigawa a tsumma mai laushi, su goga a hankali, su bi da busasshe. Kananzir na cikin inji ne kawai, in ya cije. Da damina, danshin Ibadan ba wasa, sai su rufe shi da murfinsa na katako, nesa da bango.

Yanzu 'yan gwangwan ke zagaye lunguna suna saye a kilo. Kafin ku miƙa, ku kwafi lambar da ke kan farantin gindinsa ta dama. Da ita ake gano shekarar da aka ƙera shi.