Sassaƙar Fuska: Daga Sidcup Zuwa Sakkwato

Mu da ke aikin tiyatar gyaran fuska, sana'armu ta tashi ne a hannun mutum biyu, likita da mai sassaƙa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji sun riƙa dawowa daga fagen daga harsashi ya ɗauke musu muƙamuƙi ko hanci. A wani asibitin soja da ke Wandsworth a Landan, wani gwanin mutum-mutumi, Francis Derwent Wood, ya riƙa ƙera musu ɓarin fuska na jan ƙarfe marar kauri, ya fente shi da launin fatar mai shi. Ba'amurkiya Anna Coleman Ladd ta yi irin wannan aiki a Paris. Amma ƙarfe ba ya murmushi, ba ya tauna, fentinsa kuma yana goguwa.

Wanda ya mayar da aikin kan tsoka mai rai shi ne Harold Gillies, haifaffen New Zealand. A asibitin Sidcup da aka buɗe a 1917, ya tara likitocin tiyata da na haƙori, da mai zane Henry Tonks, da masu ɗaukar siffar fuskar majinyaci da filasta domin a auna abin da ya ɓata kafin a taɓa wuƙa. Fiye da sojoji 5,000 suka bi ta wurin. A nan aka ƙware wajen yanko fata daga ƙirji ba tare da an raba ta da jijiyar da ke ba ta jini ba, a naɗe ta, a yi ta matsar da ita mataki-mataki har ta kai fuska. A nan kuma Ivan Magill ya inganta zura bututun numfashi ta hanci, domin likita ya sami filin aiki a baki. Har gobe hantsakin da ke ɗauke da sunansa yana ɗakunan tiyatarmu.

A ƙasar Hausa ba harsashi ne ya kawo wannan ilimi ba, talauci ne. Cutar noma takan kama yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Daga kumburin dasashi da warin baki take farawa, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci, ta cinye leɓe da hanci, har ƙashi. Idan babu magani, tana iya kashe tara cikin goma. Wanda ya rayu sai a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, babu makaranta, babu dandali.

A Damagaram, ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan ta fara tattara irin waɗannan yara tun farkon shekarun 1990, ana kai masu tsanani Janiba wurin Farfesa Denys Montandon. A Sakkwato kuwa, tawagogin likitoci daga Jamus da Holan suka fara zuwa a tsakiyar shekarun nan, cikinsu har da Klaas Marck, wanda ya tsara hanyar auna ɓarnar fuska gaɓa-gaɓa: hanci, bayan kunci, cikinsa, leɓen sama, na ƙasa, da ƙagewar muƙamuƙi. A 1999 aka buɗe Asibitin Noma na Sakkwato, kuma tun 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aiki a cikinsa tare da Ma'aikatar Lafiya.

Abin da shekarun nan suka koya mana shi ne jerin aiki. Yaron da ya zo ba a gaggauta kai shi tiyata. Sai an ciyar da shi ya murmure, ciwon ya mutu, tabon ya zauna, abin da kan ɗauki watanni masu yawa. Daga nan sai a fara da buɗe baki, domin tabon noma kan ɗaure muƙamuƙi har haƙora su kasa rabuwa, wani lokaci ƙashi ya manne da ƙashi. Mai ba da maganin barci shi ke fara shan wahala, tunda bakin da zai bi a rufe yake. Bayan an saki muƙamuƙi sai a yi shafin ciki, sannan rufin waje. Wanda ya rufe waje ya manta ciki, aikinsa zai tsuke ya lalace. Fatar goshi ita ke zama hanci, ta ƙirji ko ta ƙarƙashin haɓa ta zama kunci, leɓen da ya rage ya ara wa ɗan'uwansa.

A nan idon mai sassaƙa ke da ranarsa. Likita kan tsaya ya dubi ɓarin fuskar da ya tsira, ya auna tudun hanci da kwanar baki, ya yanka samfuri da takarda kafin ya yanka fata. Maginiyar tukunya idan ta kuskure sai ta sake kwaɓa yumɓu. Mu fatar goshi ɗaya ce, kuma duk yankin da jini bai kai shi ba zai yi baƙi ya mutu. Haka nan aikin ba ya ƙarewa a kan teburin tiyata: watanni ake yi ana motsa muƙamuƙi kullum, in ba haka ba bakin ya koma gidan jiya.

A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har da Mulikat Okanlawon, wadda ta rayu daga cutar, aka yi mata tiyata a Sakkwato, ta zauna tana aiki a asibitin.

Aiki biyu ya rage mana. Na farko, mu horar da likitocinmu har ya zama yaro ba ya jiran zuwan tawagar baƙi. Na biyu ya fi girma: noma a matakin dasashi maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki ke tsayar da ita. Duk ma'aikacin lafiya na karkara ya saba da buɗe bakin yaron da ya rame ya duba, kowace uwa ta san warin baki da kumburin kunci abin garzayawa asibiti ne a ranar. Komai gwanintar hannunmu, ba mu taɓa mayar wa yaro fuskar da Allah Ya halicce shi da ita ba.