Waiwaye: Yadda Aka Gano Sirrin Kare da Garken Tumaki

A watan Oktoban 1873, makiyaya suka hallara kusa da garin Bala na yankin Wales a Birtaniya domin gwada karnukansu, a ga wanda zai tattaro tumaki ya kai su shinge cikin natsuwa. Wannan taro shi ake ɗauka a matsayin mafarin gasar karnukan kiwo a Birtaniya. Kowa a wajen ya san cewa da zarar kare ya doso, tumaki kan dunƙule, amma ba a kai ga sanin dalili ba.

Shekara ashirin bayan haka, a 1893, aka haifi wani kare mai suna Old Hemp a hannun makiyayi Adam Telfer na Northumberland, arewacin Ingila. Karnukan zamaninsa da haushi da hayaniya suke aiki. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai, ya kafa wa tumaki ido, ya matso a hankali, su kuma su bi inda yake so. Makiyaya suka yi ta neman irinsa, har ya zama kakan karnukan da sakataren Ƙungiyar Karnukan Kiwo ta Duniya, James Reid, ya raɗa wa suna Border Collie a 1915.

Amsar da masana suka daɗe suna nema kan dunƙulewar garke ta fito ne a 1971, daga masanin halittu William Hamilton. Ya buga misali da kwaɗi a bakin tafkin da maciji ke ciki: kowane kwaɗo ƙoƙarinsa ya kutsa tsakanin 'yan uwansa, don kada ya zama shi ne mafi kusa da bakin maciji. A ganinsa, abin da muke kallo kamar haɗin kai, a ƙarƙashinsa kowa tasa ta fisshe shi ne. Wanda ke gefe shi ke cikin haɗari, saboda haka kowa tsakiya yake nema, ta haka garke ke curewa.

A 2012 aka gwada zancen a kan tumaki a fili. Andrew King da abokan aikinsa suka ɗaura wa tumaki 46 da kare guda na'urar GPS a Kudancin Ostireliya. Da kare ya matso kimanin mita 70, tumakin suka fara turereniya zuwa tsakiyar garke, kamar yadda Hamilton ya faɗa.

A 2014, Daniel Strömbom na Jami'ar Uppsala a Suwidin ya mai da hankali kan shi karen. Shi da King suka nuna a kwamfuta cewa ƙa'ida biyu kacal ta wadatar: in garke ya watse, a zagaya a tattaro, in ya haɗu, a kora daga baya. Shi ya sa ake ganin kare na kai da komo a bayan tumaki, yana toshe duk giɓin da ya buɗe. Yanzu injiniyoyi na koya wa mutum-mutumi da jirage marasa matuƙi wannan dabara.

Abin da ke burge ni shi ne, tun kafin a rubuta lissafin, makiyayin tsaunukan Birtaniya ya riga ya kai ga wannan sani da fito da haƙuri. Ya gane cewa tsoro in ya yi yawa tarwatsa garke yake yi, in aka auna shi kuwa sai ya haɗa. Ilimin makiyayi ya riga na jami'a da fiye da shekara ɗari, kuma ya cancanci a girmama shi.