Tarihin Kwarkwaron Fatsa: Daga Kogin Trent Zuwa Gaɓar Kogin Kaduna

Wanda ya bi gaɓar Kogin Kaduna ta arewa, daga Malali ya ratsa Unguwar Rimi da Kabala Doki har bayan Gamji, zai ga su iri-iri. Ga mai jefa birgi daga kwale-kwale, ga mai duba ƙugiyoyin da ya kafa tun daren jiya, ga yaro da sandar fatsa da gwangwanin tana. Abin da ba kasafai ake gani ba shi ne kwarkwaron naɗe zare a gindin sanda. In ma an gan shi, na kanti ne, irin wanda ake shigowa da shi daga Sin. Wannan na kanti yana da kaka: faifai guda mai juyawa a kan ƙusa guda, ƙirar hannu, wanda masu fatsa a Ingila ke kira santafin. Tarihinsa ya nuna cewa halin kogi da buƙatar masunci su ne ke tsara kayan su, ba gwanintar maƙeri kaɗai ba.

Kafin a samu faifai

Shekaru aru-aru mai fatsa, a Turai ko a ƙasar Hausa, a kan bakin sanda yake ɗaure zarensa. A Ingila gashin wutsiyar doki ake tufkawa, a nan kuma rama da auduga ne suka yi wannan aiki. Matsalar ɗaya ce: inda tsawon zare ya tsaya, nan ƙugiya ke tsayawa. Idan kuma babban kifi ya fizga, babu ragowar zaren da za a sakar masa, sai dai ya tsinke ko sanda ta karye.

Mutanen Sin ne suka fara barin shaidar maganin wannan matsala. Wani zanen mai zane Ma Yuan, na wajajen 1195, ya nuna mutum cikin jirgi riƙe da sandar fatsa mai faifai a jikinta. A Ingila sai a 1651 aka ambaci na'urar a littafin Thomas Barker kan fatsa. Zuwa shekarun 1760 wani mai shago a Landan, Onesimus Ustonson, yana sayar da ƙananan kwarkwaro na tagulla. Irin waɗannan ajiyar zare kawai suke yi. Suna da nauyin juyi, sai an ja zaren da hannu kafin ya fito.

Abin da Kogin Trent ya koyar

Sauyin ya zo ne daga Nottingham a ƙarni na 19. Kogin Trent, wanda ya ratsa garin, faffaɗa ne, yana gudu a tsanake a mafi yawan shekara, ƙasansa kuma tsakuwa ce a wurare da yawa. Kifayensa sun saba jiran abincin da ruwa ke kawo musu. Sai masu fatsa suka gano cewa hanya mafi kyau ita ce a saki ƙugiya da tana a ƙarƙashin ɗan abin da ke yawo a saman ruwa, a bar ruwa ya tafi da ita nesa, daidai da gudunsa, kada kifi ya ga wani bambanci. Wannan na buƙatar siririn zare, wanda masaƙun Nottingham suka iya yi da siliki, da kuma kwarkwaron da jan ruwa kaɗai ya isa ya juya shi.

Masassaƙan yankin suka ƙera shi da icce mai tauri: faifan baya da aka kafa wa ƙusar ƙarfe a tsakiya, da faifan gaba mai ɗauke da zare wanda ke zaune a kan ƙusar. Da yake icce na kumbura ya karkace idan ya sha ruwa, sai aka riƙa manna masa tagulla mai siffar tauraro a baya don ta riƙe shi. David Slater na garin Newark, shi ma a bakin Trent, ya yi suna wajen haɗa icce da ƙarfe a irin wannan aiki.

Masu sayen kuwa yawancinsu ma'aikatan masana'antu ne daga Nottingham da Sheffield, waɗanda jirgin ƙasa ya sauƙaƙa musu zuwa bakin kogi ranar hutu. Yawansu ya kai har majalisar ƙasar ta yi doka a 1878, bisa ƙoƙarin ɗan majalisa A. J. Mundella, wadda ta hana fatsar irin waɗannan kifaye daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Yuni, lokacin da kifi ke zuba ƙwai.

Ƙirar 1896

A 1896 kamfanin Allcock na Redditch, garin da ya shahara da ƙera allura da ƙugiya, ya fitar da samfurin da ya kira Aerial, bisa dabarar Henry Coxon, wani gwanin fatsa ɗan Nottingham. Maimakon dunƙulen icce, sai aka riƙe faifan da siraran wayoyi daga cibiya zuwa baki, irin na ƙafar keke. Nauyi ya ragu ƙwarai. Wannan tsari ne har yau masu ƙira ke komawa gare shi.

Sirrin aikin yana cikin abubuwa kaɗan. Faɗin faifan kan kai inci 4 zuwa 4 da rabi, don juyi ɗaya ya naɗe zare mai yawa, tunda babu giya a ciki: hannu ya zagaya sau ɗaya, faifai ya zagaya sau ɗaya. Ƙusar kuwa ƙarfe ce mai tauri da aka goge ta yi sumul, kuma idan an kwantar da kwarkwaron, nauyin faifan na sauka ne a kan tsininta kaɗai, inda ta haɗu da wani ɗan noti da ake iya matsewa ko sassautawa. Ƙarancin gogayya a wannan ɗan wuri shi ne ke sa ruwa mara ƙarfi ma ya iya jan zare. Dole kuma nauyi ya daidaita ta kowane gefe, domin in gefe ɗaya ya rinjaya, faifan zai riƙa tsayawa a wuri guda. Birki kuwa babban yatsan mai fatsa ne a kan bakin faifai: da shi yake rage gudun zare, da shi yake gajiyar da kifi. Akwai dai ɗan maƙalli mai ƙara da ke hana zare warwarewa idan an ajiye sanda.

Wahalarsa ita ce jifa. Idan faifai ya fi zare gudu, sai komai ya cukurkuɗe. Salon jifar da ya fi shahara yana ɗauke da sunan F. W. K. Wallis, shi ma ɗan Nottingham, kuma sai an sha fama kafin hannu ya faɗa.

Wannan wahala ce ta buɗe wa kishiyarsa ƙofa. A 1905 Alfred Illingworth, mai masaƙa a Bradford, ya yi rajistar kwarkwaron da faifansa ba ya juyawa lokacin jifa, zare ne ke zamewa daga bakinsa. Da kamfanin DuPont na Amurka ya kawo zaren nailan a ƙarshen shekarun 1930, sannan samfurin Mitchell 300 ya fito daga Faransa a 1948, sai ko ɗan koyo ya iya jifa mai nisa. Kasuwar santafin ta ja baya, Allcock kansa ya narke cikin kamfanin Shakespeare a shekarun 1960. Duk da haka kamfanin J. W. Young da wasu ƙananan maƙera sun ci gaba da yin sa da alminiyam, kuma ya sami sababbin masoya a kogunan Kanada.

Dalilin da bai kafu a Kaduna ba

Lokacin da Gwamna Lugard ya ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, aikin da ya kammala a 1917, santafin na kan ganiyarsa a Ingila. Turawan mulki masu sha'awar fatsa sun riƙa neman giwan ruwa da tsage a kogunan Arewa don nishaɗi. Amma al'adar ta tsaya a tsakaninsu, ba ta shiga hannun masunta ba.

Dalili na farko kogin ne. Kaduna na tasowa daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara a ƙasar Nufe. A Agusta da Satumba yakan cika ya yi ja, yana jan itace da shara. Da rani kuma ya janye ya bar gurabe a tsakanin duwatsu. Gudun ruwa mai tsari da santafin ke buƙata ɗan lokaci yake samuwa.

Na biyu shi ne manufa. Mai fatsa a Trent kifi ɗaya yake bi, sau da yawa ma ya mayar da shi ruwa. Masuncin Kaduna tarwaɗa da karfasa da kurungu yake nema da yawan da zai kai kasuwa ya ciyar da gida. Saboda haka basirar Sarkawa da Kabawa da Nufawa ta tafi ga kayan da ke aiki ko mai su na barci, ko masu kwaso da yawa lokaci guda: mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, taru, birgi, gura da undurutu. Ko a bikin Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, homa da gora da ƙarfin damtse ake gwadawa a Matan Fada, ba sanda ba.

Ba ƙin baƙon abu ba ne. Masunta sun karɓi ƙugiyar masana'anta irin ta Mustad ta ƙasar Nowe, wadda ta fara ƙera ta da inji a 1877, sun kuma bar rama sun koma nailan, domin dukansu sun ƙara yawan kamu sun rage wahala. Kwarkwaro mai tsada da ke kamo kifi ɗaya bayan ɗaya bai biya musu wata buƙata ba.

Ta fuskar ƙira, babu abin da zai gagari Kaduna. A kasuwar Panteka akwai masu narka alminiyam su zuba tukwane, akwai masu injin gyaran ƙarfe da ke fitar da kayan mota daidai da awo, kuma santafin bai wuce faifai da ƙusa da noti ba. Abin da ya raya sana'ar a Nottingham shi ne ma'aikata masu ranar hutu da ɗan rarar kuɗi, da kogi mai kifi, da dokar da ke kare lokacin haihuwarsa. Kafin maƙerin Panteka ya sami mai saye, sai an rage dagwalo da sharar da ake zubawa a Kogin Kaduna, an kuma hana su da guba da raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi.