Runduna ta 731: likitocin da suka fanshi kansu da takardu

Yau za mu leƙa gabashin Asiya ne, kuma tun da wuri ina faɗa muku, labarin nan ba shi da daɗin ji.

A 1931 sojojin Japan suka mamaye yankin Manchuriya da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin. Bayan 'yan shekaru suka gina wani katafaren sansani a Pingfang, kusa da birnin Harbin, ƙarƙashin wani likitan soja mai suna Shiro Ishii. A takarda, sunan wurin sashen rigakafin annoba da tsabtace ruwan sha. A zahiri kuwa, wurin haɗa makaman ƙwayoyin cuta ne, kuma a jikin mutane ake gwaji. Ita ce Runduna ta 731.

Fursunonin, akasarinsu 'yan Sin, da wasu Rashawa da 'yan Koriya, ba ma a kiran su mutane. "Maruta" ake ce musu, wato gungumen icce. A sa wa mutum cuta da gangan, a zauna ana rubuta yadda take cin sa. Wasu a feɗe su da ransu. Wasu a fitar da su cikin tsananin sanyi har gaɓoɓinsu su daskare. Aƙalla mutum 3,000 ne suka mutu a sansanin. Ba a nan ta tsaya ba: jirage sun zubar da ƙuma mai ɗauke da annoba a kan birnin Ningbo a 1940, da Changde a 1941.

To, abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da ya biyo bayan yaƙin. A watan Agustan 1945 suka kashe sauran fursunonin, suka rushe gine-ginen, suka gudu. Kotun Tokyo ta zauna daga 1946 zuwa 1948, aka rataye mutum 7, ciki har da tsohon firaminista Hideki Tojo. Amma Ishii ko ƙofar kotun bai taka ba. Me ya sa? Amurka tana son sakamakon gwaje-gwajen, kuma ba ta son ya faɗa hannun Tarayyar Sobiyet. Sai aka yi ciniki: ku ba mu takardu, mu rufa muku asiri. Sobiyet ta hukunta mutum 12 a birnin Khabarovsk a 1949, Amurka ta ce farfaganda ce kawai. Ishii ya mutu a 1959 ba tare da an taɓa gurfanar da shi ba, wasu abokan aikinsa kuma suka zama manya a jami'o'i da kamfanonin magani.

Su wa suka hana maganar mutuwa? Ba gwamnatoci ba ne. Wani malamin tarihi ɗan Japan, Saburo Ienaga, ya shafe shekara 32 yana shari'a da gwamnatin ƙasarsa kan tace littattafan makaranta. A 1997 Kotun Ƙoli ta ce tilasta masa cire batun Runduna ta 731 ya saɓa doka. A 2002 kuma, a ƙarar da 'yan Sin 180 suka shigar, wata kotu a Tokyo ta amince cewa an yi amfani da makaman ƙwayoyin cuta, amma ta hana su diyya.

Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne, idan mai laifi yana riƙe da abin da manya ke buƙata, shari'a takan koma ciniki. Gaskiyar da ta fito kuwa, naci ne ya fito da ita, nacin mutane irin Ienaga da iyalan mamatan, waɗanda wasunsu suka tsufa a hanyar kotu.

Ga tambayata gare ku: amincewa da laifi ba tare da diyya ba, adalci ne ko rabinsa? Ina jiran ra'ayoyinku.