KATAFILAR DA TA GINA KAINJI BA TA DA IDO, TA YANZU TANA DA SHI

Jiya na ga bidiyon wata katafila tana baje ƙasa, direba na zaune a ciki amma hannunsa bai taɓa sandar ɗaga wuƙar ba. Sai ta tuna mini da tarihin ruwanmu.

An fara gina dam ɗin Kainji a 1964, zamanin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kammala a 1968. Kamfanin Impregilo na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Da ruwa ya taru, sai da aka tashi mutum kusan 44,000. Tsohuwar Bussa ta nutse, Gungawa da yawa suka bar tsibiran kakanninsu a ƙasar Yauri, aka gina musu sabbin ƙauyuka a tudu.

Injinan wancan lokaci ƙarfi kawai gare su. 'Yan safiyo su kafa turaku, direba ya bi da ido. Tafkin kuwa ya haura murabba'in kilomita 1,200, don haka ba a share dajin duka ba kafin ruwa ya rufe shi. Itatuwan da aka bari su ne kututturan da matuƙa jirage ke kaucewa har yau, daga Yelwa zuwa Wara, musamman idan ruwa ya ja baya ko dare ya yi.

Yanzu dubi inda duniya ta kai. Tun 2008 manyan tifofin Komatsu ke jigila ba direba a wata mahaƙar tagulla a ƙasar Cile. A 2013 kamfanin ya fito da katafila mai daidaita wuƙarta da kanta: tauraron ɗan Adam yana gaya mata inda take, kwamfuta na riƙe da taswirar aikin, idan ƙasa ta yi wa wuƙar nauyi sai ta ɗan ɗaga ta. Su Caterpillar da John Deere ma kullum suna rajistar mallakar sabbin dabaru: kyamara da rada masu hango mutum a bayan mota, da na'urar auna nauyin abin da aka ɗebo. Irin wannan rajista shekara 20 take yi, bayan nan kowa na iya amfani da dabarar.

To mu ina wannan ya shafe mu? Ba mu manta da Mayun 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodi fiye da ƙima, kuma lodi ba ya buƙatar wata fasaha, tsoron Allah yake buƙata. Amma kututture ana iya ganinsa tun daga sama da na'urar da ke tura sauti cikin ruwa ta zana abin da ke ƙasa.

HYPPADEC ta taɓa fara sare itatuwan, mun yaba. Roƙonmu shi ne a auna hanyoyin jirage na Yauri, Ngaski da Shanga da wannan na'ura, a sa alama, a ba matuƙa taswirar, a kuma koya wa yaranmu aikin.

Wanda ya san mashigin da ya fi haɗari a yankinsu, ya rubuto mana sunansa a ƙasa.