Keɓaɓɓun Kalmomin Masana da na 'Yan Kasuwa a Littattafan Sassaƙar Hauren Giwa

1.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin littattafan da aka wallafa a kan sassaƙar hauren giwa zai tarar da kalmomi iri biyu a cakuɗe: na fatauci da na masana. Wannan maƙala ta bi tarihin kowane rukuni, ta ɗauki masarautar Benin a matsayin misali.

2.0 Kalmomin Fatauci

A ƙarni na 19, dillalan Landan da Antwerp sun rarraba haure bisa nauyi da tauri da abin da za a yi da shi. Ƙaramin haure suka kira "scrivello". Na dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka ce "mai tauri", na Afirka ta Gabas kuwa "mai laushi", wanda masu yin ƙwallon biliyad da maɓallan fiyano suka fi so. Haka hauren da fataken Hausawa suka ɗauko daga Adamawa ya shiga wannan ma'auni. Manufar waɗannan kalmomi ita ce tsayar da farashi.

3.0 Kalmomin Masana

Bayan da sojojin Ingila suka washe fadar Benin a 1897, kayan haure suka watsu a gidajen tarihi na Turai. Read da Dalton sun bayyana su a 1899, von Luschan kuma a 1919. A 1959 William Fagg ya yaɗa laƙabin "Afro-Portuguese" ga cokula da gidajen gishiri da ƙahonnin da aka sassaƙa wa Turawan Fotugal a ƙarni na 15 da na 16. Laƙabin ya ambaci mai saye, alhali masassaƙan Benin suna da ƙungiyarsu ta gado a ƙarƙashin Oba, wato Igbesanmwan. Daga baya masana suka bambance aikin Benin da na Sapi a Saliyo.

4.0 Kammalawa

Hana cinikin haure tsakanin ƙasashe da yarjejeniyar CITES ta yi a 1989 ya dusashe kalmomin fatauci, amma suna nan a tsofaffin littattafai. Wajibi ne mai fassara zuwa Hausa ko wani harshen Nijeriya ya tantance asalin kowace kalma kafin ya ƙirƙiro mata takwara, ya kuma nemi kalmomin masassaƙan kansu a harshen Edo. In ba haka ba, ɗalibi zai gaji harshen dillali yana zaton na masani ne.