Ishaƙu na Ninaba, Wanda Ya Bar Kujera Bayan Wata Biyar

Kai da ka taɓa bin wani bashi a kasuwar iyaka har rai ya ɓaci, labarin yau naka ne.

Wajen shekara ta 676 aka naɗa wani malamin Kirista mai suna Ishaƙu bishop na Ninaba, daura da Mosul a Iraƙi ta yau. Asalinsa mutumin yankin Ƙatar ne. Wata biyar kacal ya yi a kujerar. Ana ba da labarin cewa mutum biyu suka kawo masa ƙarar bashi. Ya roƙi mai kuɗin ya ɗaga ƙafa, kamar yadda Linjila ta koyar, shi kuwa ya ce a bar zancen Linjila a gefe. Sai Ishaƙu ya tattara ya nufi duwatsun Kuzistan, a Iran ta yau. Can ya ƙare rayuwarsa a gidan masu zuhudu na Rabban Shabur, ya makance saboda yawan karatu.

To, me ya gano a can? A rubuce-rubucensa na Suriyanci ya kasa bangaskiya gida biyu. Akwai ta ji: an faɗa maka Allah mai jinƙai ne, ka amsa. Akwai kuma ta gani, wadda ke tsirowa a zuci bayan dogon shiru da addu'a. Kai makiyayi ka san bambancin wanda aka kwatanta wa rijiya da wanda ya sha ruwanta.

Da wannan idon ya karanta misalin 'yan ƙwadagon gonar inabi a Linjilar Matiyu, inda wanda ya zo da la'asar ya karɓi lada daidai da mai sammako. Ɗan kasuwa zai ce lissafi bai fita ba. A fahimtar Ishaƙu, ai nan maganar take: jinƙan Allah ba a mudu ake auna shi ba. Wanda ya ɗanɗana wannan a ransa kuwa, za ka ga yana tausayin kowace halitta, har dabba da tsuntsu da maƙiyi.

Littafinsa ya tsallaka iyakoki, an juya shi zuwa Girkanci da Larabci da Ge'ez na Habasha. A 1983 aka gano kashinsa na biyu a ɗakin karatu a Oxford ta Ingila.

Mai kuɗin can dai ya san Linjila a ka, ba ta sauka ƙirjinsa ba. Ka tuna da shi ranar kasuwa, kafin ka kama akuyar wanda kake bi.